Meram a Fentin Tirela

Duk tirelar da ta kwashi shanu daga kasuwar Potiskum ta nufi Kudu da zaki ko dawisu a bayanta, to ka bincika, aikin Bunu ne. Tun yana saurayi yake zane a wata rumfa gefen kasuwar, yau ga furfura a gemu, ga fenti a farce wanda sabulu ya gaji ya ƙyale. Bijimi kam, ko ido rufe zai zana maka. Fuskar mutum ce bai taɓa gwadawa ba.

Mahaifinsa, Malam Saleh, tsohon dillalin shanu ne, yanzu yanar ido ta rage masa gani. In abu ba babba ba ne mai launi da ƙarfi, ba ya ganinsa. Matarsa Meram, uwar su Bunu, ta daɗe da rasuwa, hotonta guda ɗaya kuma gara ta cinye. Rannan bayan la'asar tsohon ya ce, "Bunu, na fara manta fuskar uwarku."

Maganar nan ta tsaya wa Bunu a rai. Ya samo faffaɗan katako ya zauna da abin da yake da shi, wato fentin mota. Ya yi mata laffayarta ta zuwa biki ja wur, da zoben hanci da zanen kumatu. Inuwar fuska ta ƙi fitowa, ya sa kore. Bayanta ya zuba rawaya kawai.

Ƙanwarsa Fanna ta leƙa ta tuntsire da dariya. "Yaya, ai ka mai da uwarmu Ya Meram bayan tirela. Saura ka rubuta Allah ya kiyaye hanya."

Ba dariyar ce ta dame shi ba. Tsoronsa kada tsohon ya duba ya ga baƙuwa, ɗan abin da ya rage masa na fuskarta shi ma ya goge. Wallahi sai da ya yi tunanin mayar da katakon rumfarsa ta kasuwa.

Ya dai daure ya jingine shi a tsakar gida, inda rana ke bugawa. Malam Saleh ya matso har hancinsa ya kusa taɓa fenti, ya ja baya. Gumi ya karyo wa Bunu.

"Laffayar tata ce," in ji tsohon. "Amma wa ya ce ka rufe mata baki? Yaushe Meram ta taɓa yin shiru haka? Ina wushiryar?"

Bunu ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna kan turmi. Shi kansa ya manta da wushiryar.

"Yanzu zan gyara, Baba."

"Bar ta nan tukuna," tsohon ya ce, ya jawo tabarmarsa kusa da ita.