Igamar Sista Rifkatu

"Soke sunan matar nan," in ji Dakta, shugaban iyayen yara, yana dangwala yatsa a kan takardar.

A falonsa na unguwar Nasiriya muke, shekara arba'in ke nan, ina direba a Riyad. Mu iyaye 'yan Najeriya muna neman izinin buɗe makarantarmu, maza da mata aji ɗaya, Musulmi da Kirista. 'Yata Safiya, mai shekara bakwai, tana zaune a gida ba makaranta. Ni nake yawo da takardar, kowa ya sa hannu da lambar igamarsa ta izinin zama. Tamu ta Musulmi koriya ce, ta Kirista ruwan ƙasa.

Matar kuwa Sista Rifkatu ce, nas ɗin da ta karɓi haihuwar ƙanin Safiya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ta yi?"

"Igamarta ruwan ƙasa ce, za ta ɓata mana takarda. Kai da ba ka yi boko ba, me ka sani?"

Na ce, "Na san abin da ya hana ni yi! Daga aji biyu babana ya cire ni, don kada in haɗa benci da ɗan Kirista. A jikin kwalin batir na koyi karatu. In za a soke ta, a fara da ni."

Wallahi bawan Allahn nan ya ja layi biyu, ya soke ni da ita.

Na buɗe sabuwar takarda, sunan Sista a sama. Mutum shida kacal suka sa hannu, maganar ta mutu. Ƙarshe Kano na mayar da Safiya wurin kakarta, tana kuka.

Har yau abin yana ci min rai. Ku da 'yarku ce a gida, da kun yi shiru?