Shirun da Inna ke yi bayan sunana

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne mahaifiyata, Inna Saratu, amma har yau in ladanin layinmu a Tudun Wada ya kira asuba, ita nake fara tunawa. Mu Kirista ne tun kakanni, sai dai Inna ba ta taɓa sayen agogo ba. Cewa take maƙwabta na tashinta kyauta, don me za ta wahalar da kanta.

Tana tashi sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta karanta aya biyu ko uku a Zabura, sannan ta fara jero sunaye. Gida gida take bi, kamar mai rabon goron gayyata: Malam Tanimu tela da ciwon idonsa, Mama Ngozi mai shagon yadi da mijinta da ke kan hanya kullum, yayana Ishaya da jarrabawarsa. Kowa da abin da ake roƙa masa dalla-dalla. Ni ce ta ƙarshe. Sai ta ce "Rifkatu," ta yi shiru, har rana ta taɓa katanga.

Abin ya daɗe yana ci mini rai. Ina budurwa mai zurfin ciki da saurin fushi, na ɗauka ko gyangyaɗi ke kwashe ta daidai kaina, ko kuwa ta gaji da ni ne. Tela ya samu rabonsa, ni 'yar cikinta ko kalma ɗaya babu. Ranar da zan tafi makarantar koyon aikin jinya na kasa daurewa, na tambaye ta cikin gatse ko addu'ar ce ke ƙarewa kafin ta iso kaina.

Ba ta ko ɗago daga waken da take tsincewa ba. Ta ce, "Su na san damuwarsu, shi ya sa nake faɗa. Ke ba kya gaya mini komai. To nakan ajiye ki gaban Ubangiji, in zauna in saurara."

Na ɗauki akwatina na fita ban tanka ba. Shekarun da suka biyo baya ma ban tanka ba, kullum gani nake akwai lokaci. Ina kewarta ƙwarai, kuma amsar nan da ban ba ta ba ita ta fi yi mini ciwo.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da zamanin nan. Addu'a ta koma cikin waya. Kafin gari ya waye matan zumuntar cocinmu sun turo mini saƙo goma, kowanne na cewa in tura gaba. A coci kuwa lasifika ba ta hutawa. Na san ba za ta kushe ba, Inna ba ta raina addu'ar kowa. Murmushi kawai za ta yi, ta tambaya in kowa na magana, yaushe ake barin Ubangiji ya sa baki.

Wata huɗu ke nan 'yata Hannatu ta dawo gida daga Kaduna da jaka ɗaya, ba miji, ba bayani. Na tambaya, na lallaɓa, na yi faɗa, duk a banza. Na roƙa mata sulhu, na roƙa mata aiki, alhali ban san ko su take nema ba. Tsorona kada ta rufe mini cikinta kamar yadda na rufe wa uwata nawa, har lokaci ya ƙure.

Tabarmar Inna ta daɗe da yagewa, tela ya rasu, shagon yadi ya zama wurin cajin waya. Da na duba abin da ta bari wanda bai lalace ba, shirun nan kaɗai na samu. Makon jiya da asuba na shimfiɗa tawa tabarmar a ƙofar ɗaki, na zauna na jero sunaye, da na iso kan Hannatu na ambaci sunanta na kama bakina. Da wuya, don harshena ya saba da tsara wa Allah abin yi.

Da rana ta taɓa katanga na buɗe ido, na ga Hannatu tsaye a kaina. Ta ce a hankali, "Mama, ni ba ki roƙa mini komai ba."

Na matsa mata wuri a tabarma.