Hoton da Babu a Shafin Hammadu

Duk wanda ya san Hammadu a ƙauyukan Bunkure ya san shi da kyamara a wuya da kuma taurin kai. Kyamarar tsohuwa ce, ta hannu, ya sayo ta a Kano shekarar da albasa ta yi daraja. Taurin kan kuwa gado ne. Kakansa ne ya zo da shanu ya sauka a bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, aka ce masa nan wurin manoma ne, ya ce ai shi ma daga yau manomi ne. Shanun yanzu saura bakwai, amma shinkafa da tumatir sun riƙe gidan.

Hammadu ya gama sakandare ya dawo gona, sai dai son rubutu bai sake shi ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya buɗe shafi a intanet ya sa masa suna Bakin Kanal. Babu abin da ba ya zubawa a ciki. Yau hoton balbela a bayan saniya, gobe labarin yadda matarsa Raliya ta ƙona tuwo tana sauraron rediyo, jibi kuma doguwar muhawara kan injin ban ruwa mai sola da mai fetur. Masu karanta shi ba su fi ɗari uku ba, rabinsu ma don su yi masa gardama suke zuwa, shi kuwa abin da yake so ke nan.

Abin da ya fi ƙi a duniyar fasaha shi ne gyaran hoto. Ya sha rubuta cewa wayar da za ta goge wa manomi zafin ranar da ke fuskarsa ta mai da shi kamar ɗan sati biyu, maƙaryaciya ce, ko da kyamara biyar ce a bayanta. Hoto, in ji shi, shaida ne, ba a yi wa shaida kwalliya.

'Ya'yansa huɗu, kuma uku daga ciki sun girma a shafin nan a idon jama'a. An ga ranar da Mubina ta fara tafiya, an ga ranar da Mudassiru ya faɗa kwatar ruwa ya fito da kwaɗo a aljihu. Ta fari kuwa, Halimatu Sa'adiyya, ba ta ciki. A gidansu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya zuba masa ido a gaban mutane. Kunya ce ta iyaye da kakanni, haka mahaifinsa ya yi masa, shi ma haka ya yi. Ko a gari Baban Mubina ake ce masa, da sunan ta biyu, 'ya'yan kuma Baffa suke kiransa. In yana son Sa'adiyya sai ya ce “ke”, in zai yi zancenta ya ce “yarinyar nan”. In kuwa ya ɗaga kyamara, hannunsa da kansa yake kaucewa. Akwai hotunan sallah da yawa da za ka ga bakin mayafinta a gefe, ita babu.

Ba ƙi ba ne. Duk gidan babu wanda yake ji da shi kamar ita, amma bai taɓa nunawa ba.

Ranar Laraba, saura kwana uku ta tafi Zariya karatun aikin jinya, Raliya ta kawo masa fura a gindin mangwaro, ta zauna maimakon ta koma.

“Baban Mubina, 'yarka ta ba ni saƙo,” in ji ta. “Ta ce ta bi shafinka tun daga farko har jiya. Ta ga balbela, ta ga shanu, har jakin mai ɗibar taki ta gani sau uku. Ta ce in ƙawayenta na can suka tambaye ta ina take a ciki, me za ta ce?”

Hammadu ya ajiye ludayi. Maganar ta soke shi, kuma ya san gaskiya ce.

Da yamma ya je Kura wurin abokinsa Usaini mai gyaran waya ya kwashe komai ya gaya masa. Usaini ya yi dariya ya ce ai wannan abu ne mai sauƙi. “Kawo ɗan hotonta na makaranta. Akwai manhajar da za ta zaunar da ita kusa da kai a bakin kanal, har ta mai da ita 'yar shekara biyar in kana so. Ba sai ka kalle ta ba ma.”

“In yi wa duniya wa'azi shekara goma sha ɗaya, sannan in fara ƙarya da 'yata?” Hammadu ya miƙe ya karkaɗe riga. “Ni zan ɗauke ta, da hannuna, kafin Asabar.”

Faɗa ta fi aikatawa sauƙi. Ranar Alhamis ya laɓe a bayan masara lokacin da ta kawo abinci gona, ya ɗauka daga nesa, ya samu bayanta da kwano a ka. Ranar Juma'a ya sa Raliya ta tsayar da ita a tsakar gida. Sa'adiyya ta tsaya, kanta a sunkuye, tana wasa da bakin hijabi.

“Ke, ɗago.”

Ba ta ɗago ba. Ya sake cewa, ya ƙara da gyaran murya, ta ƙara sunkuyar da kai. Raliya ta juya tana ɓoye dariya, don ta gane taurin kan nan daga inda ya fito. Yarinyar ba ta yi rashin kunya ba, ta dai ƙi amsa “ke” a gaban kyamara.

Asabar da hantsi aka raka ta gadar kanal inda za ta hau mota zuwa Garun Mallam, daga can ta kama ta Zariya. Rabin unguwa ya fito. Inna Hajara, mahaifiyar Hammadu, tana zaune a kan buhun shinkafa da carbinta, matar da har yau ba ta taɓa furta sunansa ba. Ga ƙannen mahaifinsa biyu, ga maƙwabta. Ruwa ya cika kanal, an sake shi tun asuba, hasken kuma irin wanda yake kwana yana nema ne. Bisa al'ada ma bai kamata ya zo rakiyar ba, sai ya tsaya can gefe kamar balbela ya zo ɗauka.

Mota ta iso, aka ɗora akwati. Sa'adiyya ta durƙusa ta gai da kakarta, ta miƙe ta nufi ƙofar motar ba ta waiwayo ba. Hammadu ya ɗaga kyamara. Yana jin idon mahaifiyarsa a ƙeyarsa. Ya san za a yi wata ana zancen a bakin rijiya, ya kuma san in ƙofar nan ta rufe shi ke nan.

“Sa'adiyya.”

Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Inna Hajara ta rufe baki da gyale. Yarinyar ta juyo da ƙafa ɗaya a cikin mota, ta kalli mahaifinta ido cikin ido, shi kuma ya danna.

Hoton bai yi kyau ba. Kanal ɗin ya karkace, gwiwar hannun direba ta shigo ta gefe, fuskarta kuma ta ɗan dushe, baki a buɗe, hawaye na shirin zuba. Da Usaini ya gani, ya ce ya ba shi minti biyu ya gyara. Hammadu ya ce kada wanda ya taɓa.

Inna Hajara ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa. A na uku ta aiko Mubina ta ce a kawo mata hoton ta gani, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa ta ce yarinyar ta rame, a aika mata da man shanu.

Hammadu ya sa hoton a shafin yadda yake. Mutumin da kan cika shafi uku a kan batirin sola, ran nan layi ɗaya ya rubuta: “Halimatu Sa'adiyya, 'yata ta fari, shekara goma sha tara.” Masu gardama suka zo kamar kullum, wani ya ce hoton ya dushe, wani ya ce ya canza kyamara. Can ƙasa sai ga amsa daga Zariya, kalma biyu: “Na'am, Baffa.”