Alhamis a Lambun Makaranta

A shekarun tamanin ina koyar da aji biyar a wata firamare a unguwar Bulabulin, kuma lambun makaranta yana hannuna. Na raba yara rukuni-rukuni, kowanne da fangalinsa na tumatir. Ran Alhamis nake zagayawa, tsarina kuwa ba ya canzawa. Da farko in duba shuka. Sannan in duba garma da bokiti, ko an wanke. Daga ƙarshe in nuna yaro ɗaya ya faɗi abin da suka yi. In ya kasa, rukunin duka ba su da rabo ran tsinka.

Fangalin rukuni na huɗu ya fi na kowa kyau. Amma duk zuwana ba na ganin wata yarinya 'yar Shuwa, wadda iyayenta ba su daɗe da barin kiwo ba. Hausarta ba ta nuna ba tukuna. Wata Alhamis na tambayi 'yan rukunin inda take.

"Ta tafi famfo, Malam," in ji shugabansu, wani Babarbare mai baki.

Na kifa bokiti na zauna. Da ta dawo na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai.

Na ce musu, "Shukarku ta yi kyau, ɗaya ke nan. Kayanku tsaf, biyu. Na uku, kun ɓoye mini mutum. Mako mai zuwa ita zan tambaya. In ta yi shiru, tumatirinku na wasu ne."

Wata 'yar ƙabilar Bura a cikinsu ta ce, "Malam, ai ita ke kawo mana takin shanu!"

"To ku koya mata ta faɗa da bakinta."

Duk makon nan ina jiyo su a gindin darbejiya lokacin hutun tara. "Ke, ba haka ba! Kaftu tukuna, sannan taki!"

Ran Alhamis ta tsaya, hannu a baya, sauran na motsa leɓe tare da ita.

"Farko mun yi kaftu. Biyu mun zuba taki, na gidanmu. Uku mun ba da ruwa." Sai ta nuna shugaban. "Huɗu, wannan ba ya ɗaukar ruwa. Surutu kawai."

Wannan ba su koya mata ba. Yara suka fashe da dariya, ni ma sai da na juya baya. Na ce rabonsu yana nan. Shugaba kuma na ba shi aikin famfo har ran tsinka.