Jigon Gasa a Bakina, Daga Achika Zuwa Wudil

Gida, bayan asuba

Ana idar da sallar asuba ranar Juma'a na yafa mayafi, na ɗauki 'yar jakata da ƙullin dambun da na yi tun daren Alhamis. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce duk wadda ta yi tafiya ta rubuto a karanta wa 'yan aji, to ga tawa. Ba nisa, daga ƙauyenmu na yankin Achika zuwa Wudil ne kawai, amma har yau ƙafata ta hagu ba ta daina ciwo ba.

Ga abin da ya fitar da ni. 'Yata ta fari, wadda nake ce wa 'yar Hajiya saboda a hannun surukata ta tashi, ta yi karatun kwamfuta a Wudil. Tana jagorantar wata ƙungiya ta samari da 'yan mata masu haɗa wasannin waya, irin waɗanda yara ke dannawa har tuwo ya huce. Ba biyansu ake ba, sha'awa ce. Duk shekara suna gasa. Ƙarfe goma na safe a faɗi jigo, wato abin da wasan zai ƙunsa, kowa ya duƙufa, washegari ƙarfe goma a ɗaga hannu. Bara gasar da rigima ta watse, aka ce ta tsegunta wa ƙawayenta jigon kafin a fara. Mai makarantar da ke ara musu ɗakin kwamfuta ya ce in aka kuma, ya rufe ƙofarsa ke nan, ita kuma ta sauka.

Bana sai suka ce a nemo mai riƙe jigon da ba zai taɓa gaya mata ba. Wani ya ce a ba uwarta. Kun dai san kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, in ta shigo ɗaki nakan sami abin yi a madafa. Aka ce dariya suka yi, kowa ya yarda. Sharaɗin shi ne in zaɓi jigo, kada in rubuta, kada in faɗa a waya, in zo da bakina in faɗa a gaban kowa.

Na zaɓi shanya. Mace ta baza barkono a tabarma, kaji da awaki na kawo hari, ga hadari yana haɗowa. Na ga in dai wasa ake so mai sa zuciya bugawa, wannan ya isa.

Da na ji ranar da suka sa, na aika Nasiru, ɗan yayana, ya gaya mata Juma'a ranar kasuwar Wudil ce, hanya ba ta biyuwa. Ni ba zan iya ɗaga waya in kira ta ba. Ashe bai isar ba. Shi ne kuma aka ce ya ɗauko ni a babur, alhali shi ma ɗan gasar ne. Wanda ya yi wannan tsarin, Allah ya shirye shi.

Hanyar burji

An yi ruwa da daddare, hanya duk taɓo. Nasiru ya goya jakar kwamfutarsa a ƙirji, ni a baya ina riƙe da ƙarfe. Ko masallacin bakin gari ba mu wuce ba ya fara.

"Gwaggo, abin nan mai rai ne ko marar rai?"

Na ce, "Duba gabanka."

"Harafin farko kawai. Ke da kika iya karatu yanzu."

"Nasiru, ga rami."

Muka faɗa ramin. Takalmina ɗaya ya nutse, sai da ya sa hannu ya zaƙulo shi. Yana wanke shi a kududdufi yana cewa ai shi ko an gaya masa ba zai yi amfani da shi ba, don dai hankalinsa ya kwanta ne. Na karɓi takalmina na saka.

Gidan Yaya Sule

Gari ya waye sosai muka iso bakin kwalta. Maimakon ya tsaya inda ake shiga mota, sai ya karya kan babur zuwa gidan babansa. Na ce ina za mu? Ya ce, "Haba Gwaggo, ki wuce ƙofar Baba ba gaisuwa? In ya ji, ni zai kama."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Yaya Sule shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni. Muka gaisa. Ya tambayi maigidan, da yara ɗaya bayan ɗaya, da gero, da akuyar da ta yi ɓari. Aka kawo koko da ƙosai. Na ce sauri muke, ya ce ba a saurin da ya wuce karin kumallo. Nasiru ya fita zaure wai zai duba taya.

Sai Yaya ya matso. "Rabi, an ce wani sirri aka ba ki."

Na ce, "Na yara ne, Yaya."

"To ni yaro ne? Ni za ki ɓoye wa? Ni da na goya ki zuwa asibiti kina ƙyanda?"

Duk wadda ke da babban wa ta san inda aka sa ni. Na yi ƙasa da murya na ce, "Shanya ce. Amma don Allah ya tsaya a nan."

Yaya kunnensa ya yi nauyi shekarun nan. Ya ce, "Me?"

Na ƙara ɗaga murya kaɗan.

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce da muryar da ake jin ta a gida uku, "Shanya? Duk wannan ɓoye-ɓoyen a kan shanyar barkono ne? Allah ya kyauta."

A zaure na ji an daina taɓa taya.

A mota

Muka bar babur a nan, muka shiga wata ƙaramar mota da aka cusa mu huɗu a baya, ga buhun gyaɗa a kan ƙafata. Kuɗin mota ya kusa ninkawa, direba ya ce ranar kasuwa ce, wanda bai so ya jira Asabar. A shingen 'yan sanda aka tsayar da mu, aka leƙa but ɗin motar, aka ga kaji, aka ce mu wuce.

Nasiru bai ƙara tambayata komai ba. Waya kawai yake dannawa da manyan yatsu biyu yana murmushi. Can ya zaro kwamfuta ya ɗora a gwiwa, na leƙa na ga yana zana kaza.

Na ce, "Me kake yi?"

"Hannu nake motsawa, Gwaggo."

"Wa ka aika wa?"

"Abokin aikina ne kawai. Shi ba ya magana."

Na juya ina kallon gonakin dawa. Yarinyar nan ba ta taɓa neman komai a wurina ba, ko ɗankunne. Abu ɗaya ta nema, shi ma ta bakin wasu, ga shi na zubar a kan kofin koko.

Bakin Kara

Tun kafin mu shiga gari, daidai Kara, kasuwar shanu, motoci suka tsaya cak. Tireloli cike da shanu, a-kori-kura, masu kura, masu jan raguna, kowa ya sa kai ba mai ja da baya. Direbanmu ya kashe mota ya fito da goro. Na tambaye shi yaushe za mu wuce, ya ce, "Hajiya, in kin ga mun motsa kafin a shiga masallaci, ki yi sadaka."

Tara da rabi ta wuce. Makarantar tana tsallaken gada. Na sauka na ce da ƙafa za mu.

Ban iya ba ku labarin wannan tafiyar yadda take. Wani bijimi ya tsinke igiya ya yo kanmu, na laɓe bayan teburin mai rake. Mai kura ya taka mini ƙafar hagu, ya kuma ce ni ce ban iya tafiya ba. Ƙullin dambuna ya faɗi, akuya ta riga ni. Wani dillali ya riƙe mini mayafi yana tambaya ko tunkiya nake nema. A kan gada babura sun hau inda mutane ke bi, muka riƙa rakuɓewa jikin ƙarfe, ruwa na gudu ja a ƙasa, masu yashi na kallonmu daga kwale-kwale.

A tsakiyar gadar wayar Nasiru ta yi ƙara. Ya saurara, fuskarsa ta canza.

"Gwaggo, wai magana ta fita. Duk ɗakin an ji."

Na ce, "Abokin naka da ba ya magana?"

Ya tsaya cak yana duban wayar. Ni ma na tsaya na huta, na waiwaya na dubi abin da muka ratso. A nan wani abu ya faɗo mini.

Makarantar

Goma ta ɗan gota muka shiga. Tun daga ƙofa ake jin hayaniya. Wasu sun naɗe wayoyin cajinsu, wata yarinya mai tabarau tana cewa bara ma haka aka yi. Mai makarantar na tsaye da makulli a hannu. 'Yar Hajiya na gaban allo ita kaɗai. Ta gan ni ta sunkuyar da kai, ni ma na dubi wani wajen.

Wani dogo ya ce, "Mama, an ce shanya ce. Wasu sun sani tun safe, har sun fara zane."

Muryata ba ta da ƙarfi, sai da aka miƙo mini abin magana, aka kuma kunna waya don 'yan gasar da ke jira a Gaya da Kano su ji. Na ce, "Da shanya ce. Yayana ya tambaye ni, na gaya masa, shi kuma ya gaya wa unguwa. Ita wannan ba ta sani ba, ba ta kuma tambaya ba. Yanzu ga jigonku: ku tsallakar da tsohuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a, da takalmanta biyu."

Dogon ya ce, "Wannan wa ya sani?"

Na ce, "Ni ma a kan gada na sani."

Suka dubi ƙafata da taɓo, suka dubi Nasiru da ya dafe kai. Mai tabarau ce ta fara dariya. Mai makarantar ya mayar da makulli aljihu, aka danna agogo.

Nasiru ya matso yana raɗa, "Gwaggo, kajina fa?"

Na ce, "Ka sa su a kasuwar."

Asabar

Na kwana gidan wata ƙawata a cikin gari, ta gasa mini ƙafa da ruwan zafi, muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi. Da safe na koma. Ƙarfe goma aka ce kowa ya ɗaga hannu, wasu na roƙon minti ɗaya, 'yar Hajiya ta ce babu. Ban san tana da murya haka ba.

Aka ce sai na gwada kowane wasa. Sa ya tunkuyi tsohuwar nan ban san iyaka ba. A wani wasan ta faɗa kogi, a wani dillali ya sayar mata da tunkiya dole. Duk sun sa mata mayafi ruwan ƙasa irin nawa. Na mai tabarau ne ya ci, don a nata in ka tsaya gaisuwa lokaci na tafiya, in ka ƙi gaisawa a tare maka hanya. Na Nasiru kaji sun fi shanu yawa, ya zo na biyar. Mai makarantar ya ce baɗi ma ɗakin nasu ne.

Komawa

'Yar Hajiya ce ta rako ni tasha, tana bayana riƙe da jakata. Na shiga mota na zauna. Ta miƙo jakar ta taga, da ledar kifi soyayye, ta ce a hankali, "An gode. Allah ya huci gajiya."

Na duba ko akwai wanda zan ba saƙo, Nasiru na can yana sayen rake. Sai na kafa ido a kan tayar motar da ke kusa na ce, "Baɗi kada ki sa Juma'a."

Ta ce, "To."

Direba ya tayar. La'asar ta yi mini a gida. Maigidan ya tambayi hanya, na ce lafiya lau, na nemi man zafi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa ƙawata da ta gasa ƙafa, da Malama da ta koya mini riƙe alƙalami. Yaya Sule kuma ya aiko a tambaye ni wa ya ci gasar shanya, na ce a gaya masa da ƙarfi: ba a yi ba.