Baba Mai Ɓera da Ƙwayar Yamma

Baba Mai Ɓera ba ya kai loma baki sai ya sansana. Ko ruwa ka miƙo masa, sai ya ɗaga kofin ya leƙa ƙasansa tukuna. In an yi masa tsiya, ya ce a wajen ɓera ya koya, kuma ba ya jin kunyar malaminsa.

Tun yana saurayi sana'arsa ke nan. Ya rataya jaka, ya ɗauki akwatinsa na gwangwani mai ɗan kwaɗo, ya bi sito-sito, gidajen burodi, shagunan hatsi, ɗakunan ajiyar makarantu. Ya durƙusa ya haska bayan buhuna, ya murza kashin ɓera da yatsa ya gaya maka ko na jiya ne ko na makon jiya. Yara suna binsa da waƙa, yana kora su da hula. Da wannan aikin ya yi aure, ya gina ɗakuna uku da ɗan tsakar gida, ya rene ɗansa guda har ya zama direban motar kaya.

Abin da ya fi so ya faɗa wa masu sito shi ne, ɓera ba wawa ba ne. In ya ga sabon abinci, ɗan tsakura yake yi ya koma rami ya jira. Cikinsa ya murɗa, shi ke nan, shi da 'yan uwansa ba mai ƙara kallon wurin. Shi ya sa maganin da ke kashewa nan take aikin banza ne. Na ƙwarai shi ne mai haƙuri, wanda ba ɗaci ba ciwo, ɓera ya ci yau ya ci gobe yana murna. Maganin ba cikinsa yake taɓawa ba, jininsa yake hanawa daskarewa. Kowace halitta, in ji Baba, kullum tana ɗan fashewa a ciki, 'yan ƙananan jijiyoyi suna tsagewa, jini yana yin guda ya toshe wurin ba ka ma sani ba. Ranar da jini ya daina toshewa, to, ɗan ƙujewa ma ya isa. Ya ɗaga gawar ɓera ta wutsiya sau ba adadi, ya san kamanninta: jini a hanci, dasashi fari fat, ƙarƙashin fata duk ya yi shuɗi.

Tsufa ya zo, matarsa ta rasu, gwiwa ta ƙi durƙuso. Ya tura akwatin ƙarƙashin gado ya zauna gida. Ɗan nasa kullum yana hanya, sai surukarsa, tela ce, kekenta a ɗan lungun da ke bakin kicin, da jikoki biyu. Ita ke ba shi ci da sha. Mace ce marar surutu, shi kuwa Baba bai taɓa yarda da mutum marar surutu ba.

Wata safiya yana alwala zuciyarsa ta hau tsalle kamar kaza a buhu, ganinsa ya dushe. Surukar ta tare mota ta kai shi asibiti. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini. Likitar, wata doguwa mai tabarau, ta yi bayani da sauri, kunnen Baba kuma ya yi nauyi, ga girman kai ba zai ce a maimaita ba. Sai ta juya ga surukar, suka yi ta magana ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa. Baba yana kan gado yana kallon leɓɓansu.

A mota surukar ta ce, "Baba, zuciyar ce ba ta bugawa daidai. Wai in tana haka, jini yakan tsaya a wani lungu nata ya yi guda. In gudan ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa, shi ne ake samun shanyewar ɓarin jiki. Ƙwayar nan za ta ɗan tsinka jinin, kada ya yi saurin daskarewa. Kullum da yamma, ba fashi."

"Tsinka jini," in ji Baba.

Da fari ya sha. Kullum bayan la'asar sai ta ajiye ɗinki ta zo da 'yar ƙwaya a tafin hannu da kofin ruwa, ta tsaya har ya haɗiye. Tsayuwar nan ita ta fara damunsa. Haba, mutum da furfurarsa a tsaya a kansa kamar ɗan yaye? Sannan ta ɗauke rezar da yake gyara gemu, ta ce likita ta hana. Ta sayo masa buroshi mai laushi. Lokaci-lokaci ta kai shi a ɗebi jini, a dawo a ce an ƙara rabin ƙwaya ko an rage. Wa ya ƙara? Ita dai ce ta shiga ofishin, shi yana kan benci.

Rannan yana goge baki ya tofar, sai ga ja a cikin kumfa. Ya kurkure ya sake tofarwa, ja dai. Kwana kaɗan ya bugi ƙofa da hannu, bugun da ko jariri ba zai yi kuka ba, washegari wurin ya yi shuɗi faɗin tafin hannu. Ya zauna bakin gado yana juya hannun a hasken taga. Wallahi ya san wannan shuɗin, ya san shi kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa.

Daga nan komai ya fara haɗuwa a kansa. Ba ita ce kwanaki take ce wa ƙawarta lungun kicin ya yi mata kaɗan ba, da tana da ɗaki mai ƙofa ta waje da ta sayi keke na biyu? Ɗaki mai ƙofa ta waje a gidan nan guda ne, nasa. Ya nuna mata hannun don ya ga fuskarta.

"Sannu, Baba. Likita ta ce za a iya ganin haka. In mun je awo zan nuna mata. In kuma ka ga jini ya ƙi tsayawa, ka gaya mini nan da nan."

Ko gezau ba ta yi ba. Baba ya ce a ransa, lalle yarinyar nan ta iya.

Abin da ya ƙarasa shi ganye ne. Baba mutum ne mai son alayyahu, in ya samu sai ya ci kwano guda, in bai samu ba ya yi mako bai nema ba. Ta ce a'a, yanzu sai dai kaɗan-kaɗan kullum daidai wa daida, wai yawansa lokaci guda yana rage ƙarfin maganin. Nan Baba ya ajiye cokali. Shekarun baya karen wani mai gidan burodi ya ci abincin ɓeran da ya zuba, suka ruga wajen likitan dabbobi. Aka yi wa karen allura ya tashi. Likitan ya gaya masa da bakinsa cewa makarin gubar wani sinadari ne da hanta ke bukata don haɗa abin da ke daskarar da jini, kuma akwai shi a koren ganye. To ga shi yau ana ba shi ƙwaya, ana kuma auna masa makarinta da cokali.

Wani zai ce me ya hana shi tambaya? Ai ba ku san Baba ba. Ya tambayi wa? Likitar da suke ƙus-ƙus tare? Ɗansa, da in ya kira waya gaisuwa biyu sai ya ce, "Ba ni ita"? Ɓeran da ya gane tarko ba ya tsayawa yi wa tarko bayani. Ya ce zai gwada da hannunsa.

Ya koyi maƙale ƙwayar a kunci. Ya kurɓi ruwa, ya motsa maƙogwaro, ya ce, "Allah ya yi albarka." Tana juya baya ya tofo ta a hannu. Ya jawo akwatinsa, ya fito da tsohon tarkon keji, ya ɗana a bayan tankin ruwa inda ya daɗe yana ganin kashi. Ya kama ƙato, mai yagaggen kunne. Kullum in ta tafi ɗauko yara daga makaranta, sai ya daka ƙwayar da gindin cokali, ya cuɗa da burodi da man gyaɗa, ya tura cikin kejin. Ɓeran ya tsakura ya jira. Washegari ya cinye. Baba yana tsugune da gwiwarsa mai ciwo yana ce masa, "Ci, ɗan'uwa, ni da kai kwano ɗaya ake zuba mana."

Bai cika mako ba ya tarar da shi a kwance, jini a hanci. Ya ɗaga leɓen da tsinke, dasashi fari fat. Ya yi zaton zai ji daɗin gaskiyarsa ta fito, amma ina! Yarinyar da ya karɓa da hannu biyu, wadda yake ce wa 'yata! Ya zauna a kan bulo ya yi hawaye, ya share da hula, ya je ya binne ɓeran.

Daga ranar ƙwaya ba ta ƙara wuce maƙogwaronsa ba. Yana tara su a wani ɗan kwalin ashana cikin akwatin, ya kulle, ya ce ranar da ɗansa zai zauna gida sosai zai zazzage masa su a gaba. Ranar awo ta zo ya ce gwiwa ta hana shi, ta sake zagayowa ya ce mura. Kuma abin haushi, sai ya ga sauƙi. Kumfar baki ta koma fara, shuɗin hannu ya baje. Ya sa jika ya sayo masa reza a ɓoye, ya yanke a haɓa, jinin ya tsaya nan da nan. Ya dubi madubi ya yi dariya. Har ƙiba ya yi a 'yan makonnin nan, yana cin abincinta yana kallonta ta gefen ido, ita kuma tana murna wai Baba ya murmure.

Da hantsi abin ya same shi, yana zaune a tsakar gida yana sauraron rediyo. Kofin shayi ya zame daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Ya buɗe baki zai kira ta, abin da ya fito ba magana ba ce. Ƙarar keken ɗinki ta tsaya. Ya ji ta tana salati, ya ji ta cicciɓe shi ita kaɗai, mace 'yar firit, tana kiran maƙwabta.

Ɗan ya baro mota a hanya ya iso washegari. Baba yana kwance, ido biyu, kunnen da ya ƙi ji a da yau yana jin komai. Likitar ta tsaya a ƙarshen gado ta ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, abin da ake gudu tun farko. Ta ce ƙwayar da ta rubuta masa asalinta ɗaya ne da maganin da ake sa wa ɓera, mutane da yawa suna tsorata in sun ji, amma ina girman ɓera, ina na mutum? Shi ya sa ake awo, a tsayar da jinin a tsakiya, kada ya tsinke da yawa kada kuma ya yi guda. Sannan ta gyara tabarau ta dubi surukar.

"Amma awon da muka yi jiya ya nuna jinin mutumin da ba ya shan magani ne sam. Kuma kun daina zuwa awo. Wa ke ba shi?"

"Ni ce, likita. Kullum da yamma. Da hannuna."

"To, ba ya jikinsa."

Ɗan ya juyo a hankali ya dubi matarsa. Baba ya san wannan kallon, nasa ne, shi ya gadar masa.

"Ke da na bar wa amanar mahaifina?"

"Wallahi ina ba shi. Ina tsaye yake haɗiyewa. Baba, ka gaya musu!"

Baba ya tattara duk ƙarfinsa. Leɓensa ya karkace, miyau ya zubo. Ita ce ta sa gefen mayafinta ta goge masa.

Da aka sallame su, aka kwantar da shi a ɗakinsa mai ƙofa ta waje. Gidan ya yi tsit. Miji da mata ba mai yi wa wani magana sai ta bakin yara, kuma Baba ya ji ɗan yana waya da yayar matar, yana cewa in ya sami mai jinya za ta je gida ta ɗan huta tukuna. Kowa ya san irin wannan hutun. Duk da haka ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke ba shi abinci da ƙaramin cokali.

Rannan ɗan ya shigo, Baba ya miƙa hannun hagu yana nuna ƙarƙashin gado, yana gurnani, yana dukan katifa. Ɗan ya durƙusa ya jawo akwatin gwangwanin. Baba ya ɗaga kai da sauri, yana nuna kwaɗon, yana nuna aljihun rigarsa da ke rataye inda makullin yake.

"Allah sarki, Baba, har yanzu aikin ne a ranka?" Ya girgiza akwatin, wani abu ya yi kacau-kacau a ciki. "Subhanallahi, da sauran guba a ciki, ga yara a gida. Bari in kai inda ake ƙona shara."

Ya saɓa shi a kafaɗa ya fita. Baba ya yi ta ihu da rabin baki har muryarsa ta dushe.

Bayan la'asar ɗan ya dawo da ƙwaya a hannunsa, don yanzu shi ke bayarwa, kwalbar ma a aljihunsa take kwana. Surukar tana bayansa riƙe da kofin ruwa, idanunta a kumbure. Baba ya buɗe baki ya karɓa, bai sansana ba. Ya haɗiye, ya wage bakin ya zaro harshe, ya tura yatsan hagu cikin kuncinsa yana nuna musu wurin, yana kallon ɗansa, yana kallonta.

"Ruwa yake so," in ji ɗan. "Ba shi."

Ta tallafo kansa ta kai kofin bakinsa. "Sannu, Baba," ta ce. "Sha a hankali."