Yadda Inna Ermelinda Ta Koyi Kiran Jikarta

Ermelinda Zeledón ƙanwar mahaifiyata ce. Tun ina ƙarama take da rumfa a bakin tashar motar garinmu Jinotega, tana sayar da wainar ɗanyar masara da cuku. Ba ta iya lallashi ba, duk maganarta umarni ce: zo, zauna, ci. Irin maganar garinmu take yi, da muke jan ƙarshen kalma mu ce "vení" in muna nufin zo. Direbobi sukan tsokane ta.

"Inna, ko limamin coci ya zo sai kin ba shi oda?"

"In ya tsaya mini a ka, shi ma zai zauna."

'Yarta ɗaya ce, Xiomara, wadda ta tafi Spain aikin kula da tsofaffi. Can ta yi aure, ta haifi yarinya aka sa mata Nerea. Inna ba ta taɓa ɗaukar jikar nan ba, sai dai ta gan ta a fuskar waya.

Wata Lahadi ta same ni a gida, abin da ba ta saba ba. Ta ce yarinyar ta fara magana, amma in ta kira ta sai ta tsaya tana kallonta kawai.

"Na ce mata vení, ta juya tana tambayar uwarta me na ce. Ke malamar makaranta ce. Koya mini irin nasu."

Na ce ai abu ne mai sauƙi. Harshenmu ɗaya da mutanen Spain, sai dai mu muna jan kalmar, su kuwa gutsure ta suke yi: zo "ven", faɗi "di", riƙe "ten".

"Wannan ai kamar ana korar kaza ne," in ji ta. "Haka za a kira ɗan mutum?"

Duk da haka ta dage. Tana juya waina tana maimaitawa a hankali, bakinta na kufcewa yana komawa na gida, ta yi tsaki ta sake. Wani direba ya ji ta ya ce Inna ta zama Baturiya. Ta ce ya ci abincinsa ya ba mutane wuri.

Ranar da ta gwada, ina gefenta. Ta matso da wayar kusa da fuskarta ta ce, "Nerea, ven."

Yarinyar ta saki abin wasanta, ta taho da gudu har goshinta ya taɓa gilashin wayar uwarta. Sai ta ce, "Kaka, na zo. Ke kuma fito."

Inna ta miƙo mini wayar, ta koma bayan rumfa ta daɗe tana wanke kaskon da ba shi da datti.

Xiomara ta sha yin alkawarin kawo yarinyar, takardu suna hana ta. Daga ƙarshe Inna ce ta bar wa wata maƙwabciya rumfar, ta hau jirgi zuwa Spain, ita da ko babban birni ba ta son zuwa.

Yanzu ni take kira a waya daga can. Tana cewa Nerea na bin ta ko'ina, amma masarar can ba ta da zaƙi, kuma hazo ba ya sauka a kan gidaje da safe. Rannan ta ce in fita waje in juya wayar wajen tsaunukanmu. Na riƙe mata har hannuna ya gaji, ba ta ce in sauke ba.